Baƙar Jakar Wakili

Wata rana wasu abokai huɗu, 'yan Arewa masu karatu a ƙasar Hungary, suka shirya tafiyar ƙarshen mako zuwa maƙwabciyar ƙasa, Austriya.

Ba wata muhimmiyar sabga ce ta kai su ba. Wani katafaren wurin wasanni ne suka daɗe suna ganin hotunansa a waya, irin mai lilon nan da yake cilla mutum sama ya juyo da shi kai a ƙasa. Suka ce su ma sai sun je sun yi ihu kamar kowa.

Akwai Dini, mutumin Kazaure, mai karatun injiniya. Shi za mu bi a labarin nan.

Akwai Huzaifa. Shi kaɗai ne mai lasisin tuƙi, don haka shi ya ɗauko motar haya.

Akwai Nafi'u, wanda Allah ya hore wa baki. In bai tsokani mutum ba, abinci ma ba ya yi masa daɗi.

Sai kuma Wakili.

Wakili ya ba su 'yan shekaru. Dogo ne siriri, mai magana a hankali, a wata makaranta dabam yake nazarin harkar noma.

A masallacin Juma'a suka haɗu da Dini, shekara uku kafin wannan tafiya. Lokacin Dini bai cika sati biyu da sauka ba, yana tsaye a bakin ƙofa yana rarraba ido, kewar gida ta ishe shi.

Wakili ya ji shi yana waya da Hausa. Ya matso ya miƙa masa hannu, ya ce Wakili ake ce masa, in ba shi da abin yi ya zo su je su ci tuwo.

Sai wanda ya taɓa zaman ƙasar waje zai san nauyin wannan gayyata.

Daga ranar Dini ya samu gida. Kowace Lahadi yana ɗakin Wakili, ga tuwon semo, ga miyar kuka da daddawar da ake aiko masa daga Gumel.

Wakili ne ya nuna masa inda ake sayar da naman halal. Shi ya zauna ya cike masa takardun neman katin zama, shafi bayan shafi, ya raka shi ofishin, ya jira shi a waje.

Da mahaifin Dini ya rasu bai samu zuwa jana'iza ba, Wakili ya tare a ɗakinsa kwana uku, yana girki yana tilasta masa ci.

In aka tambayi Dini wa yake da shi a Turai, ba ya ko tsayawa tunani, Wakili zai ce.

To amma Wakili yana da wasu halaye da suke ba su dariya.

Rigar sanyi biyu yake sawa ranar da kowa yake sa ɗaya. Gorar ruwa ba ta rabuwa da hannunsa, ko masallaci da ita yake shiga. Ba ya buga ƙwallo, sai dai ya zauna a gefe ya tsare musu kaya.

Kuma duk bayan wata biyu ko uku sai a neme shi a rasa. Kwana huɗu, biyar, ya dawo a rame, fararen idanunsa sun koma ruwan ɗorawa, ya ce aikin makaranta ne ya kai shi gonar gwaji.

Nafi'u ya raɗa masa Tsoho. Wakili ya yi murmushi ya amsa.

Babu wanda ya taɓa tsananta tambaya. Ai haka muke. Ya gida, ya karatu, ya sanyi? Lafiya lau. Shi ke nan an gaisa, a kawo tuwo.

Ranar Asabar, cikin watan Oktoba, suka yi sallar Asuba suka loda kaya. Kafin a tayar da mota Huzaifa ya tuna musu cewa matafiya ba sa tafiya babu shugaba, sai an naɗa amir.

Ba a yi gardama ba, duka suka nuna Wakili. Rabi girmamawa, rabi wayo, don sun san amir ne zai riƙa tuna musu lokacin salla, shi ne kuma zai yi dakon kaya.

Wakili ya ce ya karɓa. Ya rataya baƙar jakarsa ta goyo, da dambun nama da fulas ɗin shayi a ciki.

Hanya ta yi daɗi. Awa huɗu da wani abu suna tafe, Nafi'u yana kwaikwayon malamansu ɗaya bayan ɗaya, Huzaifa yana faɗa da na'urar nuna hanya kamar tana jinsa. Suka tsallaka iyaka babu wanda ya ce musu daga ina zuwa ina.

Dini ya waiwaya ya ga Wakili yana dariya har da riƙe ciki. Ya ji daɗi a ransa, don shi ya matsa masa ya zo. Da farko Wakili cewa ya yi sanyi ya fara shigowa, su je kawai su dawo su ba shi labari.

Wajen sha ɗaya na safe suka isa. Akwai rana, amma irin ranar Turawa ce, haske babu zafi, ga iska mai ratsa riga.

Wasan farko da suka tarar shi ne na kwale-kwale. Ana jan mutane sama a cikin wani ɗan jirgin ruwa, a sako su da gudu su faɗo cikin tafki, ruwa ya yi musu wanka.

Wakili ya ja ya tsaya. Ya ce su shiga, zai jira su a bakin fita.

Nafi'u ya samu abin yi. Ya ce amir guda yana tsoron ruwa, amma ba laifinsa ba ne, mutumin Gumel in ban da ruwan guga wane ruwa ya sani. Huzaifa ya ce ai amir gaba yake shiga, ba a baya yake tsayawa ba.

Wakili dai murmushi yake yana girgiza kai. Da su biyun ne kawai, da sun gaji sun ƙyale shi.

Dini ne ya kama hannunsa. Ya ce haba Wakili, tafiyar awa huɗu muka yi, sau ɗaya dai, don ni.

Wakili ya dube shi, ya dubi ruwan. Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, sai ya fasa.

Kara ya yi wa Dini, ya shiga.

Suka fito sharkaf. Jakar kam an ajiye ta a kantar ma'aikata, ita ta tsira. Amma rigunan sanyin Wakili duka biyun sun sha ruwa har cikin singileti, iska kuma ta taso.

Dini ya ga hannun Wakili yana rawa, haƙoransa suna haɗuwa, yana ta ƙoƙarin murmushi a haka. Abin ya ba shi dariya. Ya zaro waya ya ɗauke shi hoto, ya ce wannan sai an tura wa jama'a.

Daga nan suka nufi babban lilon, wanda saboda shi aka zo. A bakin layi an kafa gargaɗi cewa kada a hau da komai a aljihu, don in ya kifa mutum komai zubowa yake.

Akwai akwatunan ajiya, amma su ma da nasu layin. Wakili ya ce ba sai sun wahala ba, shi wannan kam ko da wuƙa a wuya ba zai hau ba. Su kawo ya riƙe musu, aikin amir ne.

Wannan karon ba su matsa masa ba, don abin ya zo musu daidai.

Suka juye masa komai. Wayoyi, walat ɗin kowa da katin zamansa da na banki a ciki, har da mukullin mota. Ya zuba a baƙar jaka ya zuge, ya zauna a wani koren benci kusa da wata mata mai sayar da gugguru.

Ya ce su je, yana nan.

Layin ya ci awa ɗaya da kusan rabi, ta cikin wata doguwar rumfa da ba a hango waje. Suna ciki Dini ya ji jiniyar mota daga nesa. Bai kawo komai a ransa ba, yana can yana leƙen ko mutum nawa suka rage a gabansu.

Lilon kansa bai wuce minti biyu ba. Suka yi ihun da suka zo yi, Nafi'u har da kalmar shahada. Suka sauko jiri yana ɗibarsu, kowa yana ɗokin ya ba Tsoho labari.

Bencin babu kowa.

Suka ce ya zaga banɗaki. Suka jira.

Suka ce ko ya tafi neman wurin salla. Suka kewaya, suka dawo.

Nafi'u ya ce amir ya gudu da baitulmali, aka yi dariya. Bayan rabin awa ya sake faɗa, babu wanda ya taya shi.

Sai Dini ya hango wani abu a ƙarƙashin bencin. Ya sunkuya ya ɗauko.

Gorar ruwan Wakili ce.

Shekara uku bai taɓa ganin gorar nan a wani wuri Wakili a wani wuri ba.

Ya nufi mai gugguru, ya nuna mata gorar, ya nuna mata bencin. Matar ba ta jin Turanci, su kuma ba su san Jamusanci ko na gaisuwa ba. Da hannu ta ba su labarin.

Ta dafe ƙirji, ta dunƙule jikinta, ta nuna ƙasa. Ta kwaikwayi kukan motar asibiti. Ta taɓa bayanta alamar jakar goyo, sannan ta nuna hanyar da motar ta bi.

An tafi da shi, an tafi da jakar.

A ofishin wurin wasan wani ma'aikaci mai jin Turanci ya tabbatar musu. Ya ce lokacin da aka ɗauki mutumin ba ya iya magana, sai nishi, don haka ba su rubuta suna ba. Bai san asibitin da aka kai shi ba, masu motar ne ke zaɓa, amma yawanci ɗayan biyu ne. Ya rubuta musu sunayen a takarda, ya zana hanya.

Ya turo musu wayar ofis, ya ce su kira abokin nasu ko danginsa.

Suka dubi juna. Babu wanda ya haddace lambar Wakili. Dini ya kira tasa lambar, ko wani zai ji ƙara a jaka ya ɗauka. Sau uku tana shiga har ta katse.

Ku duba halin da bayin Allah nan suke ciki. Ƙasar ba tasu ba, harshen ba sa ji. Babu waya, babu katin shaida, babu ko abin yankar tikitin bas. Ga motarsu can a fili suna kallonta, mukulli yana wani wurin da ba su sani ba.

Huzaifa ya ce su faɗa jirgin ƙasa na cikin gari a haka. Dini ya ce in masu duba tikiti suka riƙe baƙi babu tikiti babu takarda, wurin 'yan sanda za su ƙare, Wakili kuma yana can shi kaɗai.

Aka bar Nafi'u a ofishin ko labari zai zo. Bakin nan nasa ya mutu murus.

Dini da Huzaifa suka kama hanya a ƙafa da jiƙaƙƙun takalma. Kusan awa guda suka yi, sun ɓata sau biyu. Dini yana rungume da gora.

A asibitin farko suka tarar da wata mata a bayan gilashi. Dini ya yi mata bayani. An kawo ɗan'uwansa daga wurin wasa, dogo ne siriri, baƙar fata, kayansa a jiƙe.

Ta ɗora yatsu a kan kwamfuta.

"Sunansa?"

"Wakili."

Ta buga, ta girgiza kai. "Sunan da ke kan takardunsa nake nufi. Nasa da na mahaifinsa."

Dini ya juya ya dubi Huzaifa. Huzaifa ya sunkuyar da kai.

Ta sauke hannunta daga kan kwamfutar, ta dube shi, ba da faɗa ba.

"Ka ce ɗan'uwanka ne."

"Ɗan'uwana ne."

"Amma ba ka san sunansa ba."

Da mari ta yi masa, da ya fi masa sauƙi.

Ta ba shi haƙuri. Ta ce ba ta da ikon faɗin wanda ke ciki ko wanda ba ya ciki ga mutumin da bai san sunan majinyaci ba, shi kansa kuma bai riƙe da wata shaida. In yana so ya zauna a ɗakin jira, babu mai korarsa.

Suka raba aiki. Huzaifa ya karɓi takardar ya nufi asibiti na biyu, duk da ya san tambayar da ke jiransa a can. Dini ya zauna.

Bai ma san ko ginin da yake zaune a ciki shi ne wanda Wakili yake ba.

Ya shiga laluben ƙwaƙwalwarsa. Wakili laƙabi ne, wannan kowane Bahaushe ya sani. Sunan wani babba aka mayar wa yaro, ake sakayawa. To mene ne sunan yankan?

A wayarsa Wakili Tuwo ya ajiye shi. A ƙofar gidan su Wakili akwai akwatin wasiƙu da suna a jiki. Ya wuce ta gabansa Lahadi fiye da ɗari, bai taɓa tsayawa ya karanta ba, hancinsa yana bin ƙamshin miya.

Ya san yadda Wakili yake son shayinsa. Ya san mahaifiyarsa tana Gumel, Inna yake ce mata. Ya lalubo, ya lalubo, iyakar saninsa ke nan.

Kunya ta kama shi, ga tsoro a kanta. Duk sanda aka turo ƙofar ciki sai ya miƙe, a wuce shi, ya koma ya zauna. Mutane suna zuwa su faɗi suna a buɗe musu, shi yana kallo.

La'asar ta yi. Ya yi alwala a banɗaki, ya samu lungu kusa da injin sayar da lemo, ya shimfiɗa rigar sanyinsa, ya haɗa da Azahar ɗin da ta kuɓuce masa.

A sujada ya ce, ya Allah, Wakili. Ya kasa ƙarawa. Ya san dai a nan ba za a nemi cikakken suna ba.

Rana ta yi sanyi, ana shirin Magariba, sai wata ma'aikaciyar jinya ta fito. A kafaɗarta akwai baƙar jakar goyo, a hannunta wani ɗan kati. Matar bayan gilashi ta nuna mata ɗakin jira.

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana karantawa a hankali, tana tuntuɓe da haruffa.

"Zaharaddini Lawal Kazaure."

Dini ya miƙe. Sunansa ne cikakke, har da na mahaifi. Tun da ya zo Turai babu wanda ya kira shi haka in ba a ofis ba.

Ta ciro katin zamansa daga jakar, ta dubi hoton, ta dubi fuskarsa. Sannan ta miƙa masa ɗan katin da ke hannunta, ta ce a walat ɗin majinyacin suka same shi.

Kati ne da aka lulluɓe da roba, gefensa har ya tsufa.

A sama an rubuta Shu'aibu Isiyaku Gumel.

A ƙasa, da manyan haruffa, mai ciwon sikila. Ga rukunin jini, ga sunayen magunguna.

A ƙasan wannan kuma, wanda za a kira in wani abu ya faru. Sunan Dini ne da lambarsa. A gurbin dangantaka Wakili ya rubuta da hannunsa, ɗan'uwa.

Kwanan watan da ke jiki ya haura shekara biyu da rabi.

Ma'aikaciyar ta ce sai da suka ɗan shawo kan numfashinsa sannan suka samu zarafin neman dangi. Ta kira lambar, sai ta ji waya tana ƙara a cikin jakar da ke hannunta.

Dini ya tsaya riƙe da katin. Yanzu ya gane rigar sanyi biyu, ya gane gorar ruwa, ya gane gonar gwajin da ake zuwa a dawo a rame. Abin yana gaban idonsa shekara uku, shi kuma yana taya Nafi'u dariya.

Aka shiga da shi wurin likita. Ta ce ciwon ya tashi da ƙarfi, ya taɓa ƙirji. Suna so su yi masa ƙarin jini, amma akwai abubuwan da ya kamata su sani tukuna.

Yaushe ciwon ya tashi na ƙarshe? Bai sani ba.

An taɓa yi masa ƙarin jini? Sau nawa? Jikinsa ya taɓa ƙin karɓa? Bai sani ba.

Wane asibiti yake zuwa a can garinsu? Wannan ma bai sani ba.

Sai ta tambaya ko yau sanyi ya buge shi, don an kawo shi kaya a jiƙe, kuma sanyi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan ciwo.

Wannan kaɗai ya iya amsawa. Ya ce e, ya shiga ruwa.

Ba ta tambayi wanda ya ja hannunsa ba.

A bayan katin akwai lamba ta biyu, ta Najeriya, an rubuta Inna. Likita ta ce ya kira ya tambayo mata. Ya ciro wayarsa daga jakar ya danna lambar.

Muryar dattijuwa ta amsa sallama. Ya gaishe ta, ya faɗi sunansa, ya ce Wakili ne ba ya jin daɗi, suna asibiti.

Ta yi salati a hankali. Ba ta yi kururuwa ba. Da ji ka san ba yau ta fara karɓar irin wannan kira ba.

"Kai ne Zaharaddini? To alhamdu lillahi, tunda kana kusa hankalina ya kwanta. Ai kullum ce mini yake kada in damu, ya faɗa maka komai. Ya ce in abin ya motsa kai kake kai shi asibiti, ka zauna da shi."

Dini ya jingina da bango.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Sanyi ne dai ba ya so, kai ma ai ka sani."

Ya ce, "E, Inna."

Ita ta amsa tambayoyin likita ɗaya bayan ɗaya, daga Gumel, ba ta ko tsayawa tunani. Ƙarin jini sau shida, na huɗun ya ba shi wahala, ga shekarar da aka yi. Dini yana fassarawa hawaye yana zuba, yana danne murya kada ta ji.

Har suka gama ba ta ambaci sunan ɗanta ba, sai dai ta ce mai sunan Malam. Sunan surukinta ne, wanda ya yi wakilin gari a zamaninsa. Daga can laƙabin ya samo asali.

Huzaifa ya dawo a ƙafa. Aka kira ofishin wurin wasa, Nafi'u ma ya iso. Da aka nuna masa katin ya karanta, ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu.

Ta gilashi aka nuna musu Wakili, robobi a hannu, na'urar numfashi a fuska. Babu abin da za su iya yi masa. Suka tsaya suna kallo har aka ce ya isa.

Ranar Lahadi da yamma dole Huzaifa ya mayar da motar haya, Nafi'u ya raka shi. Dini ya ce shi ba inda za shi.

Kwana uku yana zuwa da safe ya zauna a kujera ɗaya, har a ce lokacin ziyara ya ƙare. Likita ta fito ta ce ana jira a gani, ta koma. Kullum Inna ta kira ta sa masa albarka, shi kuma ya rasa bakin da zai gaya mata gaskiya.

Rana ta huɗu da hantsi aka ce ya shiga, ya farka.

Wakili ya ƙara ramewa. Ya juyo da ido a hankali ya ga Dini, ya ɗan janye robar da ke fuskarsa. Abin da ya fara tambaya shi ne ko kowa ya karɓi katinsa da wayarsa, don amana ce. Sannan ya ce su yi haƙuri, ya ɓata musu tafiya.

Dini ya durƙusa a gefen gadon, ya kama hannun nan da ya ja ranar Asabar.

"Shu'aibu," in ji shi. Sunan ya yi masa baƙo a baki. "Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Wakili ya lumshe ido, ya amsa a hankali.

"Na yi niyya, ranar da na rubuta sunanka. Ka shigo ka ce ya gida, ya karatu, na ce lafiya lau. Na jira ka ƙara tambaya." Ya ja numfashi. "Sai ka ce, an sauke tuwon?"

Ba da zargi ya faɗa ba, har da ɗan murmushinsa. Shi ya sa maganar ta fi ciwo.

Allah ya yi da sauran kwana, Wakili ya tashi. Kwana goma sha ɗaya ya yi a gadon, jarrabawar zangon ta wuce shi. Yau Dini ya haddace lambarsa da ta Inna, ya san sunan kowane magani da lokacin shansa.

Hoton nan na bakin tafki kuwa yana nan a wayarsa. Wakili a jiƙe, hannu yana rawa, yana murmushi don kada ya ɓata wa abokinsa rai.

Bai tura wa kowa ba. Bai goge ba. Har yau kuma in ya zo kansa, sauri yake ya wuce.

Darasi: Sabo ba sani ba ne. Kana iya cin tuwon mutum shekara da shekaru ba ka san nauyin da yake ɗauke da shi ba. In abokinka ya ce lafiya lau, wani lokacin ka ajiye sauri ka ƙara tambaya. In ya ce ba zai iya wani abu ba, ka ƙyale shi, kada ka sa shi ya zaɓa tsakanin lafiyarsa da yi maka kara.

Kai kuma mai ɓoye ciwo, abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ka faɗa wa ko mutum ɗaya ne, tun kana da bakin faɗa.

In kuma tafiya ta haɗa ku, kowa ya san sunan yankan kowa da lambar gidansu, kada a tara komai a jaka ɗaya.

Yanzu buɗe wayarka ka duba. Mutum nawa ka ajiye da laƙabi, waɗanda in an tsare ka a bakin gilashin asibiti ba za ka iya faɗin sunansu ba? Tura wa ɗaya daga cikinsu wannan labari, ka tambaye shi. Ka yaɗa shi ga sauran jama'a ma, wataƙila akwai wani Wakilin da yake jiran a ƙara masa tambaya.